Zaren Kaka a Kan Maɗaci

Duk sa'ad da na ji warin fetur gauraye da ƙamshin ɗanyen katako, sai in tsinci kaina a Birchi, ina ƴar shekara tara, kafin yaƙin basasa.

A bazarar nan ne baffana ya dawo daga Kurmi da injin zarto, na farko da muka taɓa gani. Da ya tashe shi, awakin unguwa sai da suka tsinke igiya. Baffa kuwa akwai cika baki. A gaban maigari ya yi alkawarin zai fitar da ƙyauren masallacinmu daga maɗacin da iska ta kayar a gonarmu, kafin ruwan shuka.

Guntule itacen bai ba shi wuya ba. Tsaga shi a tsaye ne ya gagara. Katako na farko ya fito kamar sawun maciji, na biyu ya fi shi muni. Mutane har daga Kurfi suke zuwa kallo, su koma suna dariya. Gungume ɗaya ya rage, in ya lalace babu ƙyaure, kuma Baffa ba zai ƙara ɗaga kai a garin ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, don ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Kashegari kakata, mahaifiyarsa, wadda ba ta da aiki sai kaɗin auduga, ta yafa zane ta nufi gona, na bi ta. Ta dubi katakon biyu ta taɓe baki.

"Kai, ɗan nan, da mi kake auno?"

"Da ido, Inna."

"To idon naka karkatacce ne. Riƙe nan."

Ta warware zare daga mazari, ta goge shi da allin da take shafa wa yatsu in tana kaɗi. Ta sa shi ya riƙe bakin zaren a ƙarshen gungumen, ita ta ja ɗayan ya yi tsantsan kamar za a yi wadarin saƙa. Sai ta ɗaga tsakiyar ta saki. Farin layi ya kwanta a kan jan itace, miƙaƙƙe sambal.

Baffa ya bi layin da inji, gumi na zuba, mu kuwa ko numfashi ba ma yi. Da katakon ya rabu, maigari, wanda ya zo kallo, ya shafa shi daga kai zuwa gindi, bai sami tudu ba. Matan da ke leƙe ta dangar gona suka rangaɗa guɗa. Katako shida ya fitar, aka kafa ƙyaure kwana uku kafin ruwa.

Yau babu maɗaci mai kaurin wannan a ƙasarmu, inji kuwa ya cika gari. A kasuwar Dutsin-Ma ina ganin masu yankan katako suna buga layi da igiya da baƙin mai. Ban ce daga kakata suka koya ba. Amma Baffa har ya tsufa, in aka kira shi gwani, sai ya ce a je a gaishe da mai mazari.