Shingen Keming

A garinmu Oku kowa ya san Keming mai zuma, kuma kowa ya sha zaginsa. Shekara talatin muna maƙwabtaka, na sha kasona har da na matata. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya ta karkace saboda ɗaukar amya zuwa kan dutse.

Abu ɗaya ne ke sanyaya masa zuciya: wani fure rawaya mai dogon kara da ke fitowa a 'yar fadamar bayan amyoyinsa idan damina ta yi nisa. Uwarsa ce ta nuna masa shi yana ƙarami. A fadamar nan muke yankan ciyawar naɗe amya tun kaka da kakanni, duk shekara da zarar ruwa ya ɗauke.

Wata shekara masu binciken tsirrai suka hau dutsen, suka ƙirga furen, ɗari biyu da 'yan kai. Suka ce sun duba duwatsun kewaye ba su gan shi ba, in ya ƙare a nan, to ya ƙare ke nan. Suka yi tafiyarsu. Keming ya sari gora ya zagaye fadamar da shinge, ya hana lauje shiga, har da nasa.

Ƙanwarsa Yefon, wadda mijinta ya rasu, da yankan ciyawar nan take ci. Ta zo bakin shingen da laujenta.

"Yaya, kai da furen nan aure za ku yi ne? Ni a ina zan yanka?"

"Gangara gindin dutse mana, ƙafarki ta karye ne?"

"Iya ma a nan ta yi ta yanka har ta mutu, furen bai kai ƙara ba!"

"Iya ba ta san abin da na sani ba. Wuce ki ba ni wuri!"

Yunwa ta sa ta riƙa kutsawa ta kusurwar gabas tana yanka a ɓoye. Ranar da ya kama ta, ya kai ta gaban dattawa, ya kira ta ɓarauniya a bainar jama'a. Ta tattara komatsanta ta koma wurin 'yarta a Kumbo. Har yau ina jin haushin kaina da na zauna a wurin ban tsaya mata ba.

Ciyawa ta samu sake. Ta wuce kan mutum, ta kwanta, sabuwa ta hau kan tsohuwa, rana ta daina taɓa ƙasa. A damina ta uku fure goma sha ɗaya kacal suka fito, dukkansu a kusurwar da Yefon ta yanka.

Na ce, "Keming, buɗe idonka. Inda lauje ya bi, nan furen yake."

"Kai ka san fure? Je ka ji da dankalinka!"

Ya ƙara wa shingen gora. A damina ta biyar ko ɗaya bai fito ba. A ranin wannan shekarar ne Yefon ta rasu, ba su shirya ba.

Da muka dawo daga jana'iza, bai shiga gida ba. Ya hau dutse ya ɓalle shingen da hannunsa. Tun daga nan, duk shekara yake yanke fadamar shi kaɗai, da tsufansa, ya zauna jiran damina. Bana ce shekara ta bakwai da ɓalle shingen, ba abin da ya fito sai ciyawa.

Jiya na same shi a kusurwar gabas, laujen na kan cinyarsa. Bai zage ni ba, kuma hakan ya fi zagin ciwo.

Ya ce, "Yefon ta san daidai inda ake sa lauje. Ban taɓa tambayarta ba."