Kututturen Tsamiya a Gonar Iya

Shekara biyu na yi ina koyar da matan aure karatu a wani ƙauye kusa da Bunkure, kuma ba zan ɓoye ba, da farko barci suke yi mini. Ni ga saurin fushi. Da na gaji sai na sayo rediyo mai kaset, na ce kowacce ta ba mu labarin rayuwarta, daga bakinta za mu ciro kalmomin da za mu rubuta a allo. Daga ranar babu wadda ta ƙara gyangyaɗi.

A cikinsu akwai wata dattijuwa da duk muke kira Iya. Mijinta ya rasu ana dashen tumatir. Tana cikin takaba maƙwabcin gonarsu ya ci iyaka, ya haɗe kunyoyin da ke bakin hanyar ruwa. In suka tafi, gonarta ba ta da mashigar ruwa, kuma da ita take ci da jikoki. Za a zauna gaban mai unguwa, ita kuwa ba ta fita.

Na je mata da rediyona don in ɗauki maganarta.

"Iya, ina iyakar take?"

"Malama, ni na san takarda? Tsamiya ce a wurin kafin katafila ta zo ta haƙa kanal ɗin ruwan nan. Kututturen yana nan a ƙasa."

Ta ce a gindin tsamiyar take ajiye furar maigida. A nan kuma ta kwance goyo wata rana ta tarar 'yarta ta fari ta cika, zazzaɓi ya ɗauke ta. Tana cikin ba da labarin sai ta kira sunan yarinyar. Mace irin Iya ba ta faɗin sunan ɗan fari ko da wasa, kunya ba ta bari. Ni da rawar kaina ban ma lura ba.

Na aika kaset ɗin, aka kunna shi gaban dattawa daga farko har ƙarshe. Suka ɗauki fartanya suka tafi gonar, suka tono kututturen daidai inda ta ce. Aka mayar mata da kunyoyinta.

Na koma da murnata, na tarar labari ya riga ni.

"An ce maza sun ji sunan," in ji Iya.

Na durƙusa na ce ta yafe mini, in tana so yanzu zan goge.

Ta riƙe hannuna. Ta dubi rediyon.

"Shekara arba'in ban ji an kira ta ba, 'yar nan. Turo ƙyauren, ki mayar mini da kaset ɗin wurin in ji."