Kalmar da Gwaggo Ta Sa Na Goge

Ƙamshin shinkafar da ake turarawa yau ya tuno mini da marigayiya gwaggona ta Argungu. Shekarar da alƙali ya ba maƙwabci fadamarta, ni na rubuta mata takardar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Sakkwato. Tana bakin murhu, tururi na dukan fuskarta, na fara karanta mata: "Ina roƙon kotu..."

Ta ɗaga hannu. "Goge shi, ɗana. Fadamar ubana ta. Ce musu su sake dubawa. Allah ɗai nika roƙo."

Na ce ai haka ake rubutawa.

"To, ba da yatsana ba."

Sai da na goge kafin ta dangwala.

Ya Allah, Kai kaɗai ta roƙa. Ka ba ta abin da ya fi fadama.