Bargon da Ankul Lim Ya Ture

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na ɓata wa masu fim aiki a unguwar Setapak ba. Ku da kuka shigo girkin nan a bayana kuna ta tambaya, to Rukayya ta ɗauki biro, ga yadda aka yi.

Bayan na fita takabar Malam, ɗana Sani ya ɗauko ni daga Gwarzo zuwa Taman Melati, can ƙasar waje inda yake karatu. Gida can sama, ba tsakar gida, ba maƙwabciyar leƙawa. Sai in tashi daga taga in je ƙofa, in dawo taga. Rukayya, matar abokin Sani, ita ta kai ni wurin Kak Ros, mai dafa wa masu fim abinci. Aikina yankan albasa da zuba shinkafa a robobi. Ba na jin yarensu, Rukayya ce bakina da kunnena.

Doka ɗaya ce a wurin. Idan darakta, wato mai ba da umarni, ya daka tsawar farko, ko cokali ba ya motsi sai ya daka ta biyu, domin na'urarsu har numfashi take ɗauka.

Akwai wani tsoho ɗan Sin, Ankul Lim. An ce da ƙuruciya shi ke tsalle kan rufin gidaje da takobi a fim, gwiwoyinsa duk ɗinki ne. Yanzu uban da zai mutu kawai ake ba shi, kuma duk sanda ya mutu sai a miƙa masa jar ambulan, al'adarsu ta korar mugun abu. Yakan zolaye ni wai ya fi kowa sanin hanyar lahira, ƙofa ce dai ba a taɓa buɗe masa ba.

Ranar an aike ni da shayi ɗakin da ake ɗauka, tsawar ta riske ni a bakin ƙofa. Na ƙame da faranti. Ga Ankul a gado, bargo zuwa ƙirji, yana jan numfashi. Ƙasusuwan wuyansa sak na Malam. Ban san sanda salati ya kuɓuce mini ba, kuka ya biyo baya, kofuna suka hau kaɗawa.

Darakta ya yi jifa da abin kunnensa, don hasken taga suke so kuma rana ta karkata. Kak Ros ta ja ni waje, ta ce wa Rukayya in na gama wanke-wanke kada in dawo gobe, ita ma tsoron rasa kwangilarta take. Ni kuwa tagar nan ta gida nake hange. Na wanke tukunya, na sake wanke ta, na kasa zama.

Sai ga Ankul yana ɗingishi cikin rigar mutuwarsa. Ya zauna kan buhun shinkafa, ya tambayi wanda na rasa, Rukayya na fassarawa. Sannan ya ce, "Makci," wato gwaggo a yarensu, "me ya yi a ƙarshe? Ba abin da ya faɗa ba, abin da ya yi."

Tun rasuwar haƙuri kawai ake ba ni, ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na gaya masa Malam mutum ne mai jin sanyi, ko da bazara sai da bargo. Amma safiyar da zai rasu ya yi ta ture bargon da ƙafa, ina rufewa yana turewa, kamar mai son saukowa ya nemi takalmi. Na ƙarshe ban rufe ba. Ko Sani bai san wannan ba.

Ankul ya tashi. Rukayya ta ji shi yana gaya wa darakta ba zai kwanta ba sai ina cikin ɗakin, yau da sauran ranakun. Aka mai da ni, aka karɓe farantin, na cusa bakin gyalena a baki. Aka yi tsawa. Ya ture bargon, yarinyar da ta fito a 'yarsa ta rufe, ya sake turewa. Can ta kai hannu, ta fasa. Na ciji gyale har haƙorana suka yi tsami, amma ban yi ƙara ba.

Suka tafa masa. Kak Ros ta ce gobe in zo da wuri, akwai gyaran kifi. A jirgin ƙasa na komawa gida ga kujera amma a tsaye na tafi, ina tambayar kaina ko kyauta na yi ko sayarwa. Har yau ban yarda na kalli fim ɗin ba. An ce mutane na kuka a wurin, ba su san ƙafafun wa suke yi wa kuka ba.

To ku sani, mutanen nan ba mugaye ba ne. Amma yadda muke shiga kasuwa neman kayan miya, haka suke neman nasu a jikin mutane. Idan ɗayansu ya zauna kusa da ke ya yi tambaya a hankali, da gaske yake tausayinki, kuma da gaske zai ɗauka. Kafin ki buɗe baki, ki tabbata abin da za ki iya gani a jikin wani ne.