Basarken da Ya Gudo Hamada

"To ka je ka ce wa maigidan naka ba za ka ba mana! Ka faɗa masa, mu ga wanda zai sabunta maka ikama, takardar zamanka a ƙasar nan!"

Muryar Raliya ce ta keto bangon, irin bangon tsofaffin gidajen unguwar Ulaisha ta birnin Riyad da ko tari maƙwabci ya yi sai ka ce masa sannu. Jibirilla tela ya tsaya da loma a hannu. Tunda suke maƙwabtaka bai taɓa jin ta ɗaga wa mijinta murya ba.

"Rantsuwa na yi wa Inna," in ji Maiwada ƙasa-ƙasa.

"Rantsuwar da ba ta da kaffara? Ka ciyar da miskinai, an wuce wurin. Baban Hajar, ni fa matarka ce. Tsoro kake ji, ka fito fili kawai."

Jibirilla ya kai lomarsa baki.

Maiwada basarke ne daga Yawuri, ɗan gidan masunta, waɗanda yaransu ke iya iyo kafin su iya gaisuwa. Tun yana saurayi shi ake kira in jirgi ya kife. Wata rana taru ya maƙale a gindin wani kututture, ƙanensa Sha'aban ya nutsa ya kwance shi, bai fito ba. Maiwada ne ya lalubo gawar. Bayan sadakar bakwai mahaifiyarsu ta ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani, ta sa ya rantse ba zai ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba muddin tana numfashi. Ya sayar da jirginsa, ya koyi tuƙi a Kontagora, daga baya ya samu hanyar Riyad, garin da ba a taɓa jin kukan kwale-kwale ba. Ya zama direban gidan wani ɗan kasuwa, Abu Nayif. Da albashin nan Inna ke ci a Yawuri, da shi 'yarsu Hajar da ke hannunta take karatu.

Bakinsa ne ya ja masa. Kullum in cunkoso ya tsare su a hanyar makaranta, sai ya ɗauko wa 'ya'yan maigida labarin kogi: yadda ake kama giwan ruwa da hannu, yadda ake gane kwancin kada daga kumfa. Jibirilla, wanda shi ma ya sha waɗannan labarai a shagonsa na kasuwar Dira, ya daɗe yana wani zargi a ransa. Wanda ya tsani abu ba ya kwana ya tashi da zancensa.

To bana sai Abu Nayif ya ƙudurta kai iyalinsa hutu Meksiko, su ga kangon biranen mutanen Maya a bakin teku, su yi wanka a tafkunan da ke cikin kogo a ƙarƙashin ƙasa. Uwargida ta ce 'ya'yanta ba sa shiga ramin kowa sai da Maiwada a gefensu. Da ya fara kame-kame, maigida ya yi murmushi ya ambaci wani direba ɗan Filifin da ke neman aiki, wanda aka ce ya iya iyo.

Suka tafi. Raliya, wadda ke aikin girki a wani gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ta koma biyowa ta shagon Jibirilla duk ranar hutunta, waya a hannu.

"Malam Jibirilla, duba min nan. Ka ga idonsa kuwa?"

Hoton farko Maiwada ne tsaye gaban wani ginin dutse mai matakala a kan tsauni, teku shuɗi fes a bayansa, wani ƙaton ƙadangare kamar damo kwance a kan katanga. Kowa na kallon mai ɗaukar hoto. Shi kaɗai ya karkata wuya yana kallon ruwan.

Sai saƙon murya. Ya ce an nuna musu bakin kogon, rami ne kawai a tsakiyar daji, saiwoyin itatuwa na reto har cikin ruwa, ruwan kuma garau, ba ya gudu, ba ya motsi. Wani dattijo ɗan ƙasar ya turara hayaƙi a bakin ramin yana neman izini kafin a sauka. "Haka Baba ke yi, Raliya. Ba ya shiga baƙon ruwa sai ya yi masa sallama. Na yi ta a'uziyya. Gobe za a shiga."

Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Raliya ta zauna a bencin shagon ta kasa tashi. Ta ce ita ta tura shi. Ta ce mutumin da ya yi shekaru bai jiƙa ƙirji ba, in yaro ya zame masa a cikin duhu fa? In kuma ya tsaya a bakin ramin ya ƙi sauka, da wane ido zai dawo? Jibirilla ya ce mata daji ne, ba sabis. Shi kansa sai da ya farke wuyan wata riga sau biyu a ranar. Ta kira Yawuri don ta ji muryar Hajar, Inna ta karɓe wayar tana tambayar ina ɗanta, Raliya ta ce yana wurin aiki, ta yi maza ta kashe.

Ranar da suka dawo, bayan la'asar, Jibirilla ya ji ƙarar akwati a matakala ya leƙo. Maiwada ne, ya ƙara duhu, ya tsaya a ƙofar ɗakinsa da makulli a hannu bai zura ba. Raliya ba ta taso daga aiki ba tukuna.

"Sannu da hanya, mutumin Yawuri. Yaran fa?"

"Lafiya lau. Rigar iyo aka sa wa kowa, ga masu tsaro ko'ina. Ko ban je ba babu abin da zai same su."

"To alhamdu lillahi. Ka tsira da aikinka, ka tsira da rantsuwarka ke nan."

Maiwada ya juya makullin a tafin hannunsa. Ya dubi matakala, ya rage murya.

"Na shiga, Jibirilla. Ba wanda ya ce in shiga. Na cire rigar tasu na nutsa har ƙasa, sai da maigida ya yi ta kiran sunana kafin na fito. Raliya ta ce tsoro nake ji. Wallahi daɗi na ji. Yanzu da wane baki zan gaishe da Inna?"