Gefe Ɗaya na Yara, Gefe Ɗaya na Shinkafa

Har gobe ban manta da ranar da shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya ce in je in share shinkafar mutane daga kan titi ba. Lokacin ina jami'in raya al'umma, ba a daɗe da maido ni Kalgo daga Gwandu ba. Ku sababbin ma'aikata da ke yawan tambayata yadda ake shiga ƙauye da shiri a fito da mutunci, ga labari ɗaya ku riƙe.

Shirin da na zo da shi mun riga mun gwada shi a wajen Dalijan, muna ce masa ayarin makaranta. Ba wani abu ne mai wuya ba. Yara su taru a ƙofar mai gari da safe, babba ɗaya ya shige gaba, wani ya tsare baya, masu tafiya a ƙasa su jeru a gefen titi, masu keke su biyo su ɗaya bayan ɗaya, ba tsere, ba goyo. In an tashi makaranta a dawo haka. Iyaye ne ke karɓa-karɓar rakiyar, mu namu tsarawa da zagayen dubawa. Na kafa shi a wani ƙauye ta wajen Diggi, inda yara ke bin kwalta zuwa firamaren garin gaba. Duk damina abin ya tafi sumul, har na fara jin kaina.

Sai kaka ta zo. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san in an yanke shinkafa, gefen kwalta ya zama wurin shanya. Manomi ba neman rigima yake ba. Kwalta tana da zafi, ba ta da yashi, shinkafar da ta bushe a kanta ba ta tsakuwa, mai saye ba ya raina ta a kasuwa. To shanya ta cinye gefen nan da gefen can, ayari ya koma tsakiyar titi tare da manyan motoci.

Wata Laraba, a hanyar dawowa, wani ɗan aji shida mai suna Bashiru ya kauce wa tirela, tayar kekensa ta hau shanya ta zame, ya faɗi ya karye a hannu. Allah ya kiyaye, motar ba ta taɓa shi ba. Mahaifinsa, Malam Sahabi, ya ce shi ke nan, ɗansa ya gama boko. Yaron nan kuwa shi ke ɗaukar na ɗaya a ajinsu, ga jarrabawar shiga sakandare a gabansa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

"Ka ɗauki 'yan sintiri," in ji shugaban sashe, "duk shanyar da ka gani a titi a tattara ta. Titi ba masussuka ba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Juma'a. In na share wa mutum shinkafa yau, gobe da wane ido zan roƙe shi ya raka yara?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai dai da taurin kai. Je ka. Amma in wani yaro ya sake faɗuwa, kai za ka yi bayani."

Abin da na fara yi shi ne aika wa masu rakiya cewa duk inda akwai shanya, masu keke su sauka su tura. Daga nan na hau babur na nufi inda abin ya faru. Na iske wata tsohuwa, Inna Hajo, zaune a gindin dogon yaro da sanda tana korar awaki daga shanya. Muka gaisa, na tambayi jikoki, sannan na ce, "Inna, shinkafar da yaron nan ya faɗi a kai, ta wa ce?"

Ta duba gabas, ta duba yamma, ta rage murya. "Ɗan nan, mi kaka so da sunan mai ita? Kowa ya sani, ba mai hwaɗi. Ta uban yaron ta. Shi da hannunai yash shanya ta da sahe."

Nan na gane fushin Malam Sahabi ba da makaranta yake ba, ba kuma da ni ba. Da kansa mutumin yake fushi. Gari duka sun yi masa kara sun kama bakinsu, ni baƙo ba ni zan zo in tona ba.

Washegari bayan La'asar mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Malam Sahabi ya zo, ya zauna can gefe, kansa a sunkuye. Ana gama addu'a wani matashi mai rawar kai ya miƙe ya ce, "Kahin komi, a hwaɗi mai shanyar da..."

Ban bari ya kai aya ba. Na ce, "Zauna, ɗan'uwa, ni ban zo neman mai laifi ba. Jama'a, shinkafa taku ce, yaran ma naku ne. Titin nan gefe biyu gare shi. Ku riƙe ɗaya ku yi shanya, ku ba yara ɗaya. Wanne za ku ba su?"

Kowa ya san amsar. Garin da makarantar duk a gefen gabas suke, in yara suka bi nan ba su da tsallaka titi. Kowa kuma ya san wanda ya fi kowa wurin shanya a gefen gabas. Aka yi tsit. Shirun ya yi tsawo har mai gari ya fara gyara rawani, amma na ƙi ƙara ko uffan. Mu ma'aikata cutarmu ke nan, da mun ji shiru sai mu cika shi da surutu, mu hana mutane yanke shawararsu.

Can Malam Sahabi ya yi gyaran murya. "Gefen gabas, rabinai ni ka shanya gare shi tun zamanin babana. Gobe in kun iske ko ƙwara guda tawa a wurin, ku zuba ma kaji."

Da babba ya saki nasa, ba wanda ya iya riƙe ɗan abin da yake da shi. Kafin Magariba an raba gefen yamma, wanda bai samu wuri ba ya ce zai shimfiɗa tampol a gida. Da aka watse na bi shi har bakin masallaci.

"Malam, to Bashiru fa?"

Bai dube ni ba. Yana cire takalmi ya ce, "Hannu yak karye, ba ƙahwa ba. Ran Litinin shi bi ayari."

Shinkafarsa ta shekarar a tsakar gida ya shanya ta, ta daɗe ba ta bushe ba, kaji suka ci rabonsu, bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Abin da na koya ke nan game da aikinmu. Mutanen nan ba sai an koya musu son 'ya'yansu ba, hanyar da za su gyara ba tare da an kunyata su ba suke nema, aikinka ka buɗe ta ka ja gefe. Da na zo da 'yan sintiri, da na share titi tas a rana ɗaya, shugabana ya yaba mini. Bashiru kuma da har yau bai koma aji ba.