Kunkurun Rijiya da Malamin Ƙidaya

Yau in ka taso daga Kano za ka Ɗanbatta, gini ne ke miƙa ka ga gini. A ƙuruciyarmu gona ce ke miƙa ka ga gona, kowane gida na zaune tsakiyar tasa, kusa da juna har in zakaran maƙwabta ya yi cara sai ka zaci naka ne. Na zauna a Kumasi, na yi fatauci a Kartum, na shekara a Jidda, na sha hira da harsuna dabam-dabam, amma ban taɓa zama majalisar da ta kai gindin wutar kakata daɗi ba.

Shekarar da nake magana a kai shekarar fari ce. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mahaifina bai jira girbi ba, ya bi sauran maza kudu cin rani, kuma wata da watanni ko saƙon baka ba mu samu ba. Muka rage mu biyar yara, da mahaifiyarmu, da Kaka. Tuwo sau ɗaya ne a yini. Da an idar da magariba sai Kaka ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta ce, "Ku matso. Abin da tukunya ta rage, baki zai cike." Ni kuwa ba ta kirana sai "angona mai ciki kamar tulu", ni ma in ce na sake ta tun da ba ta iya miya ba.

Ana nan sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa gobe malaman ƙidaya za su shigo gida-gida. Kaka ta shiga damuwa. Ta ji a bakin rijiya cewa wanda ba a rubuta ba, hukuma ta ɗauke shi kamar babu shi a duniya, ita kuwa ba ta yarda a lissafa ɗanta cikin waɗanda babu ba. To, ga inda matsalar take. Mahaifina ɗanta ne na fari, kunya ba ta barin ta kama sunansa, "wancan" take ce masa. Mahaifiyarmu ma ba ta faɗin sunan miji. Mu yara Baba muka sani, gari kuma Dogo suke kiransa. Manya biyu a gida, ba wadda za ta iya buɗe baki ta faɗi sunan maigida.

Da yammar nan ta ce, "Ga wata tafe, sabuwa fil, kowa ya kakkaɓe kunnensa."

Wai an yi wata shekara da rijiyoyi suka ƙafe, sai guda ɗaya tak, wadda wani tsohon kunkuru ke zaune a ƙasanta. Duk wanda ya zura guga sai kunkuru ya riƙe, ya ce, "Ba na shayar da baƙo. Faɗa min masu rijiyar nan." Wata amarya ta zo da tulunta. Ta san su sarai, amma surukanta ne, ina bakin faɗa? Sai ta leƙa ta ce, "Baba kunkuru, wanda ya haƙa ta mai sunan annabin nan ne da aka jefa wuta ba ta ƙone shi ba."

Nan Kaka ta dube mu tana tura kara cikin wuta. Yayata Hassana, wadda ta fi mu karatun allo, ta yi tsalle ta ce, "Ibrahim!"

"Ni dai ban faɗa ba," in ji Kaka. "Wanda ya ɗaure bakinta da itace kuma, mai sunan wanda ya sassaƙa jirgi."

"Nuhu!"

"Wanda ya yashe ta bara, mai sunan wanda kifi ya haɗiye."

Muka haɗa baki, "Yunusa!" Mahaifiyarmu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki tana dariya. Kunkuru ya saki guga, amarya ta cika tulu. Sau uku Kaka ta maimaita tatsuniyar, har ƙaramarmu ta haddace.

Da hantsi malamin ƙidaya ya iso, wani siririn saurayi da jakar takardu, leɓɓansa sun bushe. Aka ba shi ruwa, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Inna, sunan maigida?"

Kaka ta dubi sama kamar mai neman hadari, ta ce, "Yara, wa ya yashe rijiya?"

"Yunusa!"

"Wa ya ɗaure bakinta?"

"Nuhu!"

Malamin ya yi dariya har alƙalami ya faɗi. Ya ce tun safe yake fama da "wancan" da "mai ɗakin can", bai ga gidan da aka yi masa wannan dabara ba. Amma da ya ji Baba ba ya gari sai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Wanda ya kwana a gida kaɗai ake ƙirgawa."

"Ɗan nan," in ji Kaka, "wanda ya tafi nemo abin da za mu ci, shi ne ba ya gida? To mu da ke zaune a gidan wa muke?"

Ya daɗe yana kallon takardarsa. Can ya ce ba zai ƙirga shi ba, amma kowane gida sai an rubuta na wane ne. Ya rubuta a sama, ya karanta da ƙarfi: gidan Yunusa Nuhu. Kaka ta toshe kunnuwa, don ga sunan ɗanta ga na mijinta, amma fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka. Baba ya dawo da ruwan farko, ɗauke da buhun garin rogo, muka tare shi a hanya muna ihun sunansa, ya rasa wanda zai fara ja wa kunne.

Sai da na tsufa na gane darajar takardar nan. Na je wata ƙasar Turawa ganin ɗana, ya kai ni wani ɗakin karatu, na ga wata tsohuwa tana hawayen murna don ta samu kakan kakanta a tsohuwar takardar ƙidaya: maƙeri ne, ga matarsa, ga 'ya'yansa, duk a shafi ɗaya. Ɗana ya ce wasu a can na ganin nan gaba ba sai an bi gida-gida ba, kwamfuta za ta tattaro mutane daga bayanan asibiti da makaranta. Wataƙila adadin ya fi fita daidai. Amma jikan da zai zo neman asalinsa ba adadi yake nema ba, so yake ya ga wa da wa suka ci tuwo a akushi ɗaya.

Tamu takardar na yi cigiya ban san inda ta kwana ba. Don haka na zauna na rubuta zuriyarmu da hannuna, daga Ibrahim kakan Baba zuwa jaririn da aka raɗa wa suna bana, na ba kowane gida nasa. Matan 'ya'yana yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa ko a gaban surukai. Sunayenmu ba za su sake ɓata ba, kuma ba wanda zai sake koyon su a bakin wuta.